Gidan Rawar Dare a Biranen Arewa: A Rufe Shi Ko A Gindaya Masa Sharaɗi?

Gidan rawar dare, wanda matasan birni suka fi kira kulob, wurin kasuwanci ne da ake buɗewa a lokacin da sauran kasuwanni suke rufewa, ba ya cika sai dare ya raba, kuma ba a watsewa sai gab da kiran assalatu. Abin da ake sayarwa a cikinsa iri uku ne: kiɗa mai ƙarfi wanda wani ma'aikaci da ake kira DJ yake sarrafawa da na'ura, da abin sha wanda mafi yawansa barasa ce, da kuma damar cuɗanyar maza da mata a wurin da idon iyaye da na maƙwabta ba ya kaiwa. A bakin ƙofa akwai ƙarti masu tantance wanda zai shiga, a ciki akwai filin rawa da teburan da ake kamawa da kuɗi mai kauri, a waje kuma masu tsire da masu shayi da direbobin haya suna jiran a tashi. Irin waɗannan gidaje sun yawaita a unguwar Wuse ta Abuja, inda da damansu suke kan titin da aka raɗa wa sunan Malam Aminu Kano, abin da mai yiwuwa marigayin ba zai yi murna da shi ba. Akwai su kuma a kudancin birnin Kaduna da Jos, da Sabon Garin Kano, wasu a bayyane wasu a sakaye.

Muhawarar da ake yi a kansu ta girmi na'urar DJ da shekaru masu yawa. Tun a yarjejeniyar Brussels ta 1890 ƙasashen Turai suka amince a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma a kan wannan ne Turawan mulki suka ɗauki Arewacin Nijeriya a matsayin yankin haramci, sai dai sun bar wa kansu da baƙin ma'aikata kafa. Sabon Garin Kano, wanda aka kafa a wajajen 1913 a bayan ganuwa domin ma'aikatan jirgin ƙasa da na kamfanoni da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, shi ne ya zama mazaunin otal da mashaya da sinima, yayin da cikin birni ya kasance a ƙarƙashin sarki da alƙali. Dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa wanda ya fara aiki a 1960, ta bi wannan rabon, domin sashe na 403 ya mayar da shan barasa laifi ga Musulmi kaɗai. A ɓangaren Hausawa kansu kuma akwai gidan magajiya, inda mata masu zaman kansu suke zaune a ƙarƙashin shugabarsu, ana goge da kalangu har gari ya waye, kuma manyan mawaƙa irin su Mamman Shata sun yi wasa a otal-otal na biranen Arewa shekara da shekaru. Saboda haka duk wanda ya ce rawar dare baƙuwa ce da ta shigo tare da wayar hannu bai yi wa tarihi adalci ba, ko da yake sigarta ta yau, da tsadarta, da irin ƙwayoyin da ke yawo a cikinta, sababbi ne.

Abin da ya sauya yanayin shi ne dawo da shari'ar Musulunci a fagen hukunta laifuka, wanda Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar a Zamfara a watan Oktoban 1999, wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu, Kano kuma ta kafa Hukumar Hisba bisa doka a 2003, wato hukumar da aka ɗora wa aikin umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Daga nan tambayoyi biyu suka cakuɗe a bakin jama'a, alhali raba su shi ne matakin farko na fahimtar al'amarin. Ta farko ita ce ko ya halatta Musulmi ya kwana a gidan da ake shan giya ana rungumar matan da ba muharramansa ba, kuma wannan ba ta da wata doguwar muhawara, domin amsarta sananniya ce hatta ga masu zuwa wurin, waɗanda da yawansu ba sa so a gan su. Ta biyu ita ce abin da ya kamata hukuma ta yi da gidan, a birnin da Musulmi da Kirista da wanda bai damu da addini ba suke biyan haraji ɗaya, kuma a nan ne masu hankali suke saɓawa.

Masu goyon bayan rufewa suna fara kafa hujja da addini. Alƙur'ani ya haramta giya daki-daki, daga ambaton cewa cutarta ta fi amfaninta a Suratul Baƙara, zuwa hana kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i, zuwa yanke hukunci na ƙarshe a Suratul Ma'ida, inda aka haɗa ta da caca aka bayyana cewa tana jefa gaba tsakanin mutane tana kuma shagaltar da su daga ambaton Allah. Malaman Malikiyya, mazhabar da ta mamaye ƙasar Hausa, suna da ƙa'idar da ake kira saddu zari'a, wato toshe kafar da ke kai wa ga ɓarna ko da ita kafar a karan kanta ba haramun ba ce. A bisa wannan ƙa'ida, ko da mutum ya rantse cewa lemo kawai yake sha a kulob, an gina wurin ne domin ciniki ya gudana ta hanyar maye da sha'awa, kuma ribar mai gidan tana ƙaruwa ne gwargwadon yadda hankalin baƙinsa yake raguwa. Wannan magana ta ƙarshe tana da ƙarfi ko a wurin wanda ba Musulmi ba, domin ta shafi yadda kasuwancin yake samun kuɗinsa ne. Inda hujjar take yin rauni shi ne idan aka faɗaɗa ta ta haɗiye kiɗa da waƙa gaba ɗaya, domin a nan malamai sun daɗe da saɓani: Ibn Hazm na Andalus bai ga ingantaccen dalilin haramta kayan kiɗa ba, Imam Gazali kuma ya halatta sauraro bisa sharuɗɗa. Wanda ya haɗa mai kalangun biki da mai sayar da wiski a hukunci ɗaya ya raunana hujjarsa da kansa.

Hujja ta biyu ita ce ta ƙwaya, kuma ita ce iyaye suka fi kawowa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba, wato kashi 14.4 cikin ɗari. Babu mai musun cewa gidan rawa kasuwa ce mai kyau ga dillalin ƙwaya, domin matasa ne masu kuɗi a aljihu, cikin duhu, a lokacin da kunya ta yi ƙaranci, kuma a nan ne yarinya da yawa take fara zuƙar shisha, wato tabar da ake sha ta tulun ruwa, kafin a miƙa mata abin da ya fi ta. Sai dai alƙaluman suna yanka ta fuska biyu. Kudu maso Yamma, inda gidajen rawa suka fi yawa, ita ce kan gaba da kashi 22.4, abin da ke ƙarfafa masu son rufewa. Amma Jihar Kano, wadda take da Hisba da dokar hana giya, tana da kashi 16, sama da matsakaicin ƙasa. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi a watan Mayun 2018 bayan wani rahoton bincike na BBC, ba a filin rawa ya fi yin ɓarna ba. A ɗakunan matan aure da zaurukan samari da ɗakunan kwanan ɗalibai aka fi shan sa. Rufe kulob zai rage kasuwa ɗaya daga cikin kasuwannin dillali, wannan gaskiya ne, amma wanda ya yi wa iyaye alkawarin cewa hakan zai raba 'ya'yansu da ƙwaya ya yi musu alkawarin abin da ba shi da iko a kai.

Akwai kuma batun almubazzaranci, wanda bai cika samun kulawar da ta dace da shi ba. Tsarin kulob na zamani an gina shi ne a kan nuna isa: ana kawo kwalba mai tsada da tartsatsin wuta a bakinta, 'yan mata na ɗauke da ita a sama, DJ yana kiran sunan wanda ya saya domin kowa ya juyo, sannan a shiga liƙi, wato watsa takardun kuɗi a kan mai rawa ko mawaƙi. Liƙi tsohuwar al'ada ce a bukukuwan Hausawa da Yarabawa, amma sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya mayar da watsa naira da tattaka ta laifin da ake iya ɗaure mutum wata shida a kansa, kuma hukumar EFCC ta gurfanar da wasu fitattun mutane a kan haka a 2024. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a shekarar 2024, wadda Hukumar Ƙididdiga ta ce mutum miliyan 133 na cikinta suna fama da talauci ta fuskoki daban-daban a rahotonta na 2022, kwalba guda da ta haura albashin malamin firamare na watanni darasi ce ga duk yaron da ke kallon bidiyon a TikTok. Darasin kuwa shi ne a samu kuɗi ta kowace hanya, domin a wannan ɗakin ba a tambayar inda aka samo su.

Hujjojin da suka fi sauƙin tabbatarwa su ne waɗanda ba a cika jin su a kan mumbari ba, wato ƙara da gobara. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel, kuma ƙa'idar lafiyar ma'aikata ita ce kunne yana jure desibel 85 na tsawon awa takwas, duk ƙarin desibel uku kuma yana rage lokacin da rabi, ta yadda a desibel 100 abin da ya rage bai wuce minti goma sha biyar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da mizani a 2022 wanda ya ce kada matsakaicin sautin wuraren nishaɗi ya wuce desibel 100, tana mai gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji. Baƙo yana zuwa ne da son ransa, amma mai raba abin sha yana shan wannan ƙara kullum, maƙwabcin da ke da jariri ko mara lafiya kuma ba a nemi shawararsa ba. Gobara ta fi wannan muni, domin gidan rawa ya tara duk abin da wuta take so: duhu, cunkoso, soson da ake manna wa bango don tare sauti, da ƙofa ɗaya da aka ƙuntata domin kada wani ya fice bai biya ba. A garin Santa Mariya na Brazil, a watan Janairun 2013, tartsatsin wasan wuta ya kama irin wannan soso a wani kulob, mutum 242 suka mutu, mafi yawansu ɗalibai, hayaƙi mai guba ne kuma ya kashe akasarinsu. A Yawunde ta Kamaru, a watan Janairun 2022, ana tsakiyar gasar cin kofin Afirka, irin wannan tartsatsi ya kama rufin wani kulob a unguwar Bastos, aƙalla mutum 16 suka rasu. Kano ma tana da nata tabon, domin gobarar sinimar El-Duniya ta 1951 ta ci rai 331, kuma da yawa daga mutanen wancan zamani sun fassara ta a matsayin azaba kan masu zuwa wurin shagala. Abin lura a nan shi ne ƙara da gobara matsaloli ne da sifeto mai gaskiya yake iya magancewa, saboda haka sun fi zama hujjar sa ido fiye da hujjar rufewa.

Masu kare gidajen rawa, ko aƙalla masu adawa da rufe su da ƙarfi, suna fara tasu hujjar da tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin sirrin rayuwarsa a sashe na 37, da 'yancin addini a sashe na 38, da 'yancin taruwa a sashe na 40, da 'yancin zirga-zirga a sashe na 41. Suna cewa Abuja ba garin kowa ba ne kuma garin kowa ne, Kaduna da Jos rabinsu Kiristoci ne, Sabon Garin Kano kuma fiye da shekara ɗari ke nan yana hannun mutanen da addininsu ko al'adarsu ba ta hana su giya ba, kuma an yi musu alkawari a 2000 cewa shari'a ba za ta hau kansu ba. Wannan hujja ce mai nauyi, amma ba ta kai inda masu ita suke so ta kai ba, domin sashe na 45 na wannan kundi ya yarda a taƙaita waɗannan 'yanci saboda tsaron jama'a da zaman lafiya da tarbiyya da kiwon lafiya, jadawali na huɗu kuma ya sanya bayar da lasisin sayar da barasa a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ma'ana, mutanen unguwa suna da hurumin cewa ba sa son mashaya a tsakiyarsu, kamar yadda mutanen wata unguwar suke da hurumin cewa sun yarda da ita.

Sai hujjar abinci. Kulob guda yana ɗaukar masu tsaro da masu raba abin sha da masu shara da masu dafa abinci da mai gyaran janareta, a wajensa kuma mai tsire, wanda sau da yawa Bahaushe ne mai salla biyar, yana yin cinikin da ba zai yi da rana ba. Wasu biranen Turai sun ɗauki kasuwancin dare da muhimmanci har suka naɗa masa jami'i na musamman, kamar Amsterdam da kuma Landan a 2016. Ana kuma yi wa jihohin shari'a gori da harajin VAT, wanda ake karɓa a kan kayan da aka saya, giya na ciki, a tara a asusun tarayya a raba wa kowa. Gorin ya yi zafi a 2021 lokacin da Jihar Ribas ta yi nasarar farko a ƙarar da ta kai tana neman karɓar nata da kanta, kuma duk sanda Hisba ta murƙushe kwalabe, kamar guda 240,000 da ta fasa a Kano a watan Nuwamban 2013, sai an sake tayar da shi. Gorin yana da ƙanshin gaskiya, kuma ya cancanci amsa daga malamai da gwamnoni maimakon shiru. Amma a matsayin hujjar barin kulob ba shi da ƙarfi, domin samar da aikin yi kaɗai bai taɓa wanke wata sana'a ba, in ba haka ba da dillancin ƙwaya ma ya wanku. Haka nan hujjar fasaha: gaskiya ne cewa gidan rawar Fela Anikulapo Kuti a Legas, wanda ake kira Shrine, ya zama makarantar kiɗan Afrobeat kuma dandalin sukar mulkin soja a shekarun 1970, har shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ziyarci sabon ginin da 'ya'yansa suka buɗe, a 2018. Sai dai kulob na yau da ke kunna waƙar da kowa yake da ita a wayarsa ba ya rainon makaɗi ko ɗaya, kuma jingina shi da Fela aron riga ne.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wannan ɓangare ita ce tambayar inda mutanen suke komawa bayan an rufe. Amurka ta haramta barasa a ƙasa baki ɗaya daga 1920 zuwa 1933, shan ya ragu, amma cinikin ya koma hannun 'yan daba da mashayun ɓoye har aka janye dokar. A Arewa ma an ga makamancin haka bayan 2000: mata masu zaman kansu da masu mashaya da yawa sun tsallaka iyaka zuwa yankin Maraɗi ko sun koma jihohin da ba sa shari'a, kasuwannin mami na barikokin soja, waɗanda ke ƙasar gwamnatin tarayya inda Hisba ba ta shiga, suka ƙara cika, mai hali kuma ya hau jirgi zuwa Abuja ko Legas ko Dubai ranar Juma'a ya dawo ranar Litinin da carbinsa a hannu. A cikin gari kuwa shagalin ya koma gidajen saukar baƙi da gidajen haya da ake kamawa na dare ɗaya a kira shi bikin zagayowar ranar haihuwa, inda babu mai duba shekarun yarinya, babu ƙofar tsira, babu kuma wanda zai ji ihunta.

A nan ne wata matsala ta fiƙihu take ɓullowa, wadda masu son rufewa ba su cika tsayawa a kanta ba. Malaman da suka yi rubutu kan hisba, irin su Mawardi a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki, sun bambanta ɓarnar da ta bayyana da wadda aka ɓoye: ta farko aikin mai hisba ne ya kawar da ita, ta biyu kuwa ba shi da izinin bin diddiginta ko kutsawa gida saboda ita, sai in amintaccen mutum ya ba da labarin wata ɓarna da ba a iya gyara ta in ta auku, kamar kisa ko zina. Asalin wannan shi ne hanin da Suratul Hujurat ta yi ga binciken asirin mutane, da kuma labarin da aka ruwaito na Sayyidina Umar, wanda ya haura katanga ya tarar da mai shan giya, mutumin ya tunatar da shi cewa shi ma ya saɓa ta hanyar leƙen asiri da shiga ba ta ƙofa ba ba tare da sallama ba, sai halifan ya ƙyale shi. Kulob mai allo a ƙofa ɓarna ce bayyananniya, don haka hukumar da ke aiki da shari'a tana da hurumi a kansa. Amma da zarar ta rufe shi ya koma bayan katanga, sai ta tsinci kanta tsakanin zaɓi biyu, ko ta kau da kai, ko ta shiga fasa ƙofofin otal da ɗakunan ɗalibai bisa zato, wanda shi ma shari'ar ta hana.

Yadda ake kai samamen kuwa ya zama abin kunya a Kudu da Arewa, a hannun masu kaki kowane iri. A watan Oktoban 2017 kotun ECOWAS ta yanke hukunci a ƙarar da 'yar wasan fim Dorothy Njemanze da wasu mata suka shigar, ta ce jami'an Abuja sun tauye musu haƙƙi da suka kama su da dare suka kira su karuwai ba tare da wata hujja ba, ta kuma ba uku daga cikinsu diyyar naira miliyan shida kowacce. Duk da haka a watan Afrilun 2019 aka sake kai samame gidajen rawa na Abuja aka kwashe mata fiye da sittin, wasunsu suka yi zargin an ci zarafinsu a hannun 'yan sanda, mazan da suka saya musu abin sha kuwa suka koma gida lafiya. A Kano, a ƙarshen watan Fabrairun 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf da kansa ya soki yadda 'yan Hisba suke jefa matasa cikin mota a lokacin kame, abin da ya sa Sheikh Aminu Daurawa ya sanar da ajiye shugabancin hukumar, kafin malamai su shiga tsakani ya koma bayan 'yan kwanaki. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya a wannan saɓani, ya nuna cewa a cikin masu son gyaran tarbiyyar ma ba a gama yarda da hanyar da ake bi ba. A mafi yawan samame, wadda ake nunawa a kyamara tana rufe fuska da mayafi 'yar talaka ce, mai gidan da jami'in da ya sa masa hannu a takarda kuwa ba a ganin su.

Wani abin da ɓangarorin biyu suke tsallakewa shi ne cewa matashin birnin Arewa ba shi da wurin zuwa da dare. A ƙauye akwai dandali, inda 'yan mata suke gaɗa da farin wata, samari suna kewaye, tsofaffi kuma suna jin komai daga ƙofar gida, wato nishaɗi ne da ido a kansa. Birni ya cinye dandali da gine-gine, yawancin tsofaffin sinimomi sun mutu, lambunan shaƙatawa an yanka su filaye, kuma da gwamnatin tarayya ta so gina alƙaryar shirya fina-finai a Ƙofa ta Jihar Kano a 2016, adawar wasu malamai da jama'a ta sa aka fasa ba tare da an kawo wani abu a madadinta ba. Abin da ya rage wa namiji shi ne teburin mai shayi da gidan kallon ƙwallo da majalisar bakin titi, mace kuwa sai waya. Al'ummar da mafi yawanta matasa ne, wadda tsadar rayuwa ta jinkirta wa aure, ba za ta tura su barci da ƙarfe tara ta hanyar sanarwa a rediyo ba.

Idan aka auna duka, masu son rufewa sun fi gaskiya wajen bayyana cutar, masu adawa da su kuma sun fi gaskiya wajen bayyana abin da ke biyo bayan rufewar. Hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne a bar wa kowace ƙaramar hukuma ikon da tsarin mulki ya riga ya ba ta. A cikin birnin Kano da Sakkwato da Katsina da Zazzau da makamantansu, inda jama'a suka zaɓi shari'a da bakinsu, kada a ba da lasisin kulob, kuma gwamnatin da ta hana ɗin ita ke da alhakin samar da filayen wasa da lambuna da zaurukan taro masu haske da tsaro waɗanda iyali za su iya zuwa da dare. A Abuja da Jos da kudancin Kaduna da unguwannin da aka san na mabiya addinai daban-daban ne, a ba da lasisi bisa sharuɗɗan da ake bincikawa da gaske: nesa da gidajen kwana da makarantu da wuraren ibada, katin shaida a ƙofa domin hana wanda bai kai shekara 18 ba, ƙofofin tsira da ba a kulle su, haramta tartsatsin wuta a cikin gini, iyakar sauti, da soke lasisi nan take idan aka kama ana cinikin ƙwaya da sanin masu wurin. Duk inda aka karya sharaɗi, wanda za a fara gurfanarwa a gaban alƙali shi ne mai gidan, sai jami'in da ya karɓi na goro ya kau da kai, kuma a daina loda 'yan mata a bayan mota ana ɗaukar su hoto kafin kotu ta same su da laifi.